Ƙafar Tambari

Mode bai taɓa zaton zai sake ganin kakansa ba sai a lahira. Mutumin da ya rasu tun Mode yana ɗan shekara takwas, lokacin da duk unguwarsu ba wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto, wa zai ɗauke shi? Shi ya sa da Zakiyya, ɗiyar ƙanensa Alhaji Gazali, ta kira shi a waya ta ce an samo hoton Kaka Tambari, sai ya ce mata ta nemi abokin wasanta, shi albasa yake shanyawa. Ta ce wallahi ba wasa take ba, babanta har ya sa an faɗaɗa hoton an rataya a falo, ya zo gidansu a Ƙofar Atiku ya gani da idonsa.

Ga yadda abin ya samo asali. Zakiyya malamar tarihi ce, tana kuma cikin wata ƙungiya ta masu tono tsofaffin labaran birni. Wai wani Bature matafiyi ya ratso ƙasar nan can ƙarshen ƙarni na sha tara, 'yan shekaru kafin 'yan uwansa su iso da bindiga, yana tafe da akwatin ɗaukar hoto a bayan jaki. Abin da ya ɗauka a kan gilasai ya yi ta kwanciya a wani ɗakin ajiya a ƙasarsu fiye da shekara ɗari, sai bana aka tuna da shi, aka turo wa su Zakiyya ta kwamfuta. Ranar Asabar za a baje hotunan jama'a su gani, kuma kowanne sai an rubuta bayaninsa a ƙasa. Ita aka ɗora wa rubutun, ranar Alhamis za ta miƙa.

Mode ya wanke hannu, ya zura rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a duk da ranar Litinin ce, ya tari keke-napep daga unguwarsu Gidan Igwai. Tsoho ɗan shekara saba'in da shida, amma duk hanya sai leƙe yake kamar yaro ko an iso. Ya san Tambari da furfura da ƙusumbi, bai san shi da ƙuruciya ba, kuma yana ɗokin ya ga yadda yake.

Ya tarar da falon cike. Alhaji Gazali attajirin hatsi ne, mutum mai kyauta, ba a raba shi da baƙi, amma fa Allah ya zuba masa son a san shi da gidansu. Ya tara abokansa na kasuwa, an kawo fura da lemo, bakinsa har kunne. Ya kamo hannun yayansa ya kai shi gaban bango. Ga hoton nan an sa masa gilashi da katako mai ruwan zinari: wani dogon mutum da rawani da babbar riga, riƙe da sanda, ya ɗaga haɓa yana kallon mai ɗauka.

“Yaya, ka ga rawani? Ka ga sanda?” in ji Gazali. “Na sha hwaɗa ma mutane, mu ba ƙananan mutane na ba.”

Mode ya duba, ya matsa ya sake dubawa. Bai san wannan fuska ba. Ya ce a ransa wataƙila shekaru ne, tsufa yana canza mutum, amma jikinsa ya riga ya yi sanyi. Gazali bai lura ba, yana ta bayani. Ya ce a cikin lambunsu na fadama aka ɗauki hoton, Zakiyya ce ta gane wurin, to wa zai tsaya haka a lambun Tambari in ba Tambari ba? Abu ɗaya ya rage. Dokar ƙungiyar ita ce ba a sa sunan mutum a ƙarƙashin hoto sai wani dattijo da ya san shi ido da ido ya shaida, a rubuta sunan mai shaidar a gefe. Shi Gazali bayan rasuwar kakan aka haife shi. Duk duniya wanda ya rage da ya ga Tambari da rai, Mode ne.

Mode ya tambayi Zakiyya ko iyakar hoton ke nan. Ta ce a'a, an yanko wannan ɓangaren ne don ya yi kyau a bango. Ta kai shi ɗan ɗakin da ke gefe, ta buɗe kwamfuta, ta fara nuna masa sauran. Ga kasuwa da rumfunan zana. Ga marina, maza tsaye bakin karofi da dogayen sanduna. Ga masaƙa jere a inuwa, zarensu miƙe har ya fice daga hoton. Ga wani jirgin ruwa mai hayaƙi da Baturen ya hau can kudu, da ƙaton injinsa, mutane ba riga suna cusa masa itace. Mode ya lura a kowane hoto akwai waɗanda suka fito sarai, akwai kuma waɗanda suka dushe har ba ka gane mutum ne sai ka ƙura ido. Zakiyya ta ce ai akwatin wancan zamani ba ya ɗauka nan take. Sai an buɗe masa ido an ɗan jira, kuma duk abin da ya motsa a wannan tsakanin gogewa yake yi. Don haka kafin a ɗauka sai an ce kowa ya tsaya cik.

Sannan ta buɗe na lambun.

Wurin kam shi ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ga ƙaton dutsen marmara mai tsagewa biyu wanda har yau yana nan a kusurwar gabas, ga tudun birni da ganuwa can baya, ga fangalin albasa jere. Mai rawanin yana dama. A hagu kuwa, inda aka yanke aka jefar, jigo ne a bakin rijiya. Ga wanda ya tashi ya tarar da injin fetur, jigo doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a kai ɗaya, nauyi a ɗaya kan. Ka ja guga ƙasa, nauyin ya taya ka ɗago shi da ruwa. Akwai mutum a jikin jigon, amma daga ƙugunsa zuwa sama ba komai sai dushi-dushi. Ba kai, ba kafaɗa, ba fuska. An ce kowa ya tsaya, kowa ya tsaya, shi kaɗai ne ba a ba shi izinin tsayawa ba.

Mode ya ce ta ƙara girman wajen nauyin jigon. Duk fadamar nan, daga wannan kai zuwa wancan, curin laka ake ɗaura wa jigo. Wannan kuwa rabin dutsen niƙa ne, an naɗe shi da tsirkiyar fata an yi masa ɗauri uku. Gidansu kaɗai ke yin haka. Haka ubansa Habibu ya yi, haka shi ma ya yi har ranar da ya sayi inji, ana yi musu dariya ana cewa 'yan gidan Tambari ko jigonsu sai ya bambanta.

Ya ce ta sauka ƙasa. Mai jan jigo ƙafa ɗaya yake kafewa a kan gungumen bakin rijiya, ita ba ta motsi, jiki ne ke sunkuyawa yana miƙewa. Don haka ƙafar ta fito tangaran, har kana ganin kaushin diddige. Ƙafar dama ce, ba ta da ƙaramin yatsa. A idon sawun kuma akwai mari, zoben ƙarfen nan da ake sa wa bawan da ya taɓa gudu.

Allah sarki. Wannan ƙafa Mode ya san ta fiye da tasa. Yana yaro shi ke shafa mata man kaɗe da yamma in tsohon ya dawo daga fadama, a cikin ɗaki, ƙofa a saye. A idon sawun akwai wani zagaye mai santsi da gashi ba ya fita, kuma in ya tambaya sai kakan ya ja masa kunne cikin wasa ya ce aljani ne ya riƙe shi a rijiya. In baƙo ya yi sallama, tsohon yakan naɗe ƙafar ƙarƙashin riga tun kafin ya amsa. Sai ranar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, Habibu ya zaunar da Mode a bayan rumbu ya gaya masa sau ɗaya tak. Ya ce an kamo Tambari yana yaro daga wata ƙasa mai duwatsu can kudu, ko sunan garin bai riƙe ba, abin da ya riƙe kawai shi ne yadda mutanensu ke ɗaure dutse da fata. Ya gudu sau biyu, na biyun ya bar yatsa a daji. Lambun na ubangijinsa ne, sai bayan zamani ya juya, 'ya'yan ubangijin suka koma fatauci, suka bar masa. Habibu ya ce wannan magana ta mutu a nan bayan rumbu. Mode ya riƙe ta shekara sittin da takwas, ko matarsa sai da suka haifi 'ya'ya huɗu ta ji.

Zakiyya ta ce, “Baba, mi kag gani?”

Ya ce idonsa ne ke ruwa, hasken kwamfutar nan bai yi masa ba. Ya fito falo ya gaya wa ƙanensa a ba shi zuwa Alhamis, shaida ba abin gaggawa ba ce. Gazali ya yi dariya ya ce wa abokansa su ji Yaya da tsantseni, sai ka ce alƙali.

A gida matarsa Atika ta saurare shi har ya gama, tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. Ta ce ita dai shawararta ya bar abin nan. Tsoho ya kwanta dama, ba ruwansa da bangon kowa. Gazali kuwa yana raye, yana da surukai da abokan ciniki da 'ya'yan da ake ganin girmansu, kuma mutanen garin nan in suka sami abin faɗi ba sa ajiyewa sai sun gaji. Ta tuna masa lokacin da ruwa ya cinye lambu, wa ya ɗauki gidan nan har shekara ta zagayo? Gazali ne, kuma bai taɓa gori ba. Mode bai musa ba, don duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

Washegari da hantsi ya tafi fadama. Injuna na ta ruri ta ko'ina, ba jigo ko ɗaya a duk faɗin wurin. Ya zauna a gindin dutsen marmara yana kallon inda tsohuwar rijiyar take, wadda yanzu ta rufta ciyawa ta rufe. Ya yi ƙoƙarin ƙiyasta guga nawa mutum zai ja daga asuba zuwa faɗuwar rana, shekara bayan shekara, ya kasa. Tausayi ya kama shi. Kunya ma ta kama shi, kunyar a ce shi jikan bawa ne a gaban jama'a, kuma wannan kunyar ta fi komai ba shi haushi, don bai ga laifin da tsohon ya yi ba. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne. Da cewa aka yi ya yi shiru, da ya yi, ai ya saba. Amma cewa ake ya buɗe baki ya shaida, ya ɗauki sunan Tambari ya liƙa wa mai rawanin, wanda da alama shi ne ubangijin da ya sa masa ƙarfe.

Ranar Laraba bayan azahar ya sami Gazali a shagonsa na kasuwa, tsakanin buhunan gero da dawa. Ya jira har masu ciniki suka ragu, sannan ya matso da kujera ya yi ƙasa da murya. Ya faɗi dutsen niƙa, ya faɗi yatsa, ya faɗi mari. Yana magana yana jiran ƙanen ya zabura ko ya ƙaryata. Gazali bai yi ko ɗaya ba, yana ta murza ƙwayar gero tsakanin yatsunsa.

“Na sani, Yaya,” ya ce. “Ni nis sa anka yanke hoton.”

Gazali ya ce tun yana ɗan shekara ashirin ya sani. Sa'annan ya fara awo a bakin kasuwar nan, suka yi cacar baki da wani tsohon dillali a kan wurin zama, dillalin ya dube shi gaban mutane ya ce ya je ya tambayi ubansa wa ya kwance wa kakansa ƙafa. Aka yi dariya. Ya je ya tambaya, Habibu ya kwaɗa masa mari a kunci, sannan uban ya shiga ɗaki ya yi kuka. Tun daga ranar, in ji Gazali, duk buhun da ya ɗaga, duk masallacin da ya sa wa rufi, duk kujerar Makka da ya biya wa wani, da wannan dariyar a kunnensa ya yi. Masu dariyar duk sun mutu. Yanzu da Allah ya kawo takardar da za ta rufe bakin maganar har abada, sai ɗan'uwansa ciki ɗaya ne zai zo ya tone?

Mode ya ce ba tonewa ya zo yi ba. Ya ce a bar hoton ba suna mana, kowa ya huta. Gazali ya ce ai bakin alƙalami ya bushe, rabin kasuwa sun ga hoton a falonsa, in aka baje ranar Asabar ba suna, tambaya za a yi, kuma tambayar ta fi komai muni. Kalma ɗaya kawai yake roƙo. Ya ce bai taɓa roƙon Mode komai ba a duniya.

Wannan ma gaskiya ce, kuma ta soki Mode sosai. Amma ya ce, “Gazali, mutumin ga ko tsayawa ba a bari yay yi ba. Hoto guda garai duk duniya, babu huska. In ɗauke mai suna kuma in ba wancan?”

Gazali ya watsar da geron hannunsa. Ya ce cikin sanyin murya, in Mode ya yi abin da yake nufi, to ya san ya zaɓi matacce ya bar rayayye, kuma kada ya wahalar da kansa zuwa Ƙofar Atiku, ko da salla ko da rasuwa. Ya tashi ya shiga cikin shago wai zai duba awo. Mode ya zauna har ya gane ba fitowa zai yi ba, sannan ya ɗauki sandarsa.

Zakiyya ta iso Gidan Igwai ranar Alhamis da safe, da takardunta a jaka. Ta durƙusa ta gaida Mode, ta gaida Atika, ta ƙi zama kan kujera sai tabarma. Ta ce babanta ya ba ta saƙo, wai ta rubuta kawai, Baba Mode ya yarda. Amma ita ta ga fuskarsa ran nan gaban kwamfuta, kuma ta koma ta ƙara girman ƙafar ita kaɗai. Ta ce ba za ta rubuta komai ba sai abin da ta ji daga bakinsa, in ya ce mai rawani ne, ta rubuta mai rawani, ba za ta sake tambaya ba.

Ka ga ta sauƙaƙa masa, kuma sauƙin ne ya fi wuya. Atika tana bakin madafa, ta daina abin da take yi. Mode ya tuna Gazali yana ɗan ƙarami a kafaɗarsa, ya riƙe masa kunnuwa suna ƙetare ruwa zuwa lambu. Su biyu suka rage cikin su bakwai. In ya rasa wannan, ba shi da wanda zai ce wa ka tuna kaza ya ce na tuna. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka yi masa aikin ido.

Ya ce ta buɗe alƙalami. Ya gaya mata duka, tun daga ƙasa mai duwatsu har bayan rumbu. Hawaye na zubo mata tana sharewa da bakin mayafi, amma hannunta bai tsaya ba. Da ya gama ta tambaye shi me za a sa a ƙarƙashin hoton, don wurin layi biyu ne kawai.

“Rubuta: Tambari, shina ban ruwa. Jikanai Mode ya shaida.”

Ta ce to mai rawanin fa?

Ya ce tsohon bai taɓa kama sunansa ba, ko sau ɗaya. Ta rubuta ba a san shi ba.

Ranar Asabar aka baje hotunan a wani babban zaure na makaranta. Mode ya zo tun da wuri, ya sami benci daura da hoton lambu ya zauna, don ya ce in za a yi magana gara a yi ta a gabansa. Jama'a suka yi ta shigowa, ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa. Yawanci wajen jirgin mai hayaƙi suke cincirindo, da hoton kasuwa, kowa na neman inda shagonsa yake yanzu. Na lambun, wasu su karanta su wuce abinsu. Wasu kuwa, waɗanda suka sha fura a falon Gazali ranar Litinin, sai su karanta, su sunkuya su dubi ƙafar, su dubi juna, sannan su hango Mode su gaishe shi da wata irin ladabi da ta wuce kima. Ɗaya ya ce masa ashe haka abin yake, Allah ya jiƙan magabata. Mode ya ce amin. Kafin la'asar ya san maganar ta gama zaga kasuwa.

Wata tsohuwa da bai sani ba ta daɗe tsaye gaban hoton. Da za ta wuce ta rage tsawo kusa da shi, ta ce a hankali ita ma kakarta tana da irin wannan zagayen a ƙafa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ba ta jira amsa ba ta yi gaba.

Gazali bai zo ba. Zakiyya ta ce tun Alhamis bai yi mata magana ba, ko gaisuwarta da kai yake amsawa, kuma ya sa an sauke hoton falo an juya fuskarsa bango. Mode ya ce ta yi haƙuri, shi ya ja mata. Ya yi sallar la'asar a harabar makarantar ya dawo bencinsa, ba don yana jiran kowa ba, sai don bai san abin da zai je ya yi a gida ba.

Zauren ya kusa watsewa, ana tattara kujeru, sai ga Gazali ya shigo shi kaɗai, ba direba ba aboki. Bai dubi jirgi ba, bai dubi kasuwa ba. Ya wuce ta gaban yayansa har rigarsa na shafar gwiwar Mode, bai yi masa sallama ba. Ya tsaya gaban hoton, hannuwa a baya. Ya karanta layi biyun. Ya ciro tabarau ya sa, ya matsa har numfashinsa na taɓa gilashin, yana kallon wurin da ya kamata a ce akwai fuska. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ko zai tsinci ido ko hanci a cikin dushin. Babu abin da zai tsinta, Mode ya riga ya gwada.

Can, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana, muryar a dushe.

“Kai da kas san shi. Da wa yay yi kama?”

Wannan ma tana cikin abubuwan da gidansu ba a faɗa, don in aka fara zancen kamannin Tambari, zancen ba nan zai tsaya ba. Uwarsu ta faɗa sau ɗaya ranar suna, tana duban jaririn, Habibu ya harare ta ta yi shiru.

“Da kai,” in ji Mode. “Goshin, da wushiryar, da yadda kaka karkata kai in kana duban abu. Duk cikinmu kai ɗai kad ɗauko shi. In kana son ganin huskatai, ba nan za ka duba ba.”

Gazali ya cire tabaran, ya ɗaga hannu a hankali ya shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, kamar mai shafa addu'a. Bai juyo ba, bai ce ya yafe ba, bai ce Mode ya zo gida ba, Mode kuma bai tambaya ba.

Mai makullin zauren ya ƙaraso yana kaɗa makullai, ya ce Alhaji a yi haƙuri, za a rufe. Gazali ya ce masa ya ɗan dakata, bai gama gani ba.